Kundin Aikin Dukusai Uku: Daga Gwanjon Goffs Zuwa Kakar Sayarwa

12 ga Nuwamba, 2023

Yau muka sa hannu a yarjejeniya mu uku: ni da nake aikin barga a wata gonar kiwon dawakin tsere a gundumar Kildare ta ƙasar Ailan, da mai wata ƙaramar gona da ke maƙwabtaka da mu wanda zai ba da fili da barga, da kuma Alhaji, ɗan kasuwa mai sha'awar dawaki da ke zaune a Kano, wanda ya zuba kaso mafi tsoka. Jarin gaba ɗaya Yuro 90,000 ne, kuma riba ko faɗuwa za a raba ta gwargwadon abin da kowa ya zuba. Niyyarmu ita ce mu sayi dukusai da aka yaye a gwanjon wannan wata, mu riƙe su har kakar baɗi, sa'an nan mu sayar da su suna 'yan shekara ɗaya ga dillalai da masu horarwa. Ba za mu sa su tsere ba, kuma babu ruwanmu da cacar da ake yi a kan tsere; dabba za mu saya, dabba za mu sayar. Alhaji ya kafa sharaɗin cewa ba za a ci bashin banki mai ruwa ba, saboda haka muka yanke cewa kuɗin saye duk da la'ada ba zai wuce Yuro 55,000 ba, sauran kuma na ci da magani da kuɗin shiga gwanjo ne.

Da na fara yi wa Alhaji bayani, cewa ya yi ai wannan turkar rago ce, a saya da arha a kiwata a sayar da Layya. Na ce masa, ranka ya daɗe, kamancen ya tsaya a rabin hanya, domin rago ƙibarsa ke sayar da shi, ita kuwa ƙiba a hannun mai kiwo take. Farashin ɗan dokin tsere ya dogara ne a kan abin da 'ya'yan ubansa da 'ya'yan uwarsa za su yi a filin tsere cikin watannin da yake tsaye a gonarmu, kuma wannan ba a hannunmu yake ba. Na ba shi labarin Vandeek, wani doki ɗan ingarma Havana Grey, wanda ya lashe manyan tsere biyu, Prix Morny a Faransa da Middle Park a Newmarket ta Ingila, a bana. An saye shi yana ɗan dukushi a kan gini 52,000 (gini ɗaya fam 1.05 ne), aka sayar da shi yana ɗan shekara ɗaya a kan gini 42,000, wato wanda ya fara riƙe shi faɗuwa ya yi. Wanda ya karɓa daga nan ya horar da shi na 'yan watanni, ya kai shi gwanjon 'yan shekara biyu a watan Afrilu, aka saye shi a kan gini 625,000. Dokin bai canza ba tsakanin mutanen biyu, lokaci ne ya canza.

26 ga Nuwamba, 2023

An yi gwanjon dukusai na kamfanin Goffs a makon da ya ƙare, a harabarsa da ke garin Kill a kan hanyar Dublin zuwa Naas. Kamfanin yana wannan sana'a tun 1866, kuma da yake Ailan ce ta fi kowace ƙasa a Turai haihuwar dawakin tsere, wannan gwanjo shi ne kasuwar da masu irin aikinmu suke jira duk shekara.

Aikin yana farawa ne daga kundin gwanjo, inda kowane dukushi yake da shafi guda mai ɗauke da uba, da uwa, da kaka, da abin da kowane ɗan dangi ya yi. Sunan dokin da ya ci babban tsere ko ya zo na biyu ko na uku ana buga shi da baƙin rubutu mai kauri, kuma idon mai saye a kan wannan baƙi yake fara sauka. Shafin da ya cika da baƙi ya fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka abin da muke nema shi ne shafin da yake da dalilin ƙara baƙi nan da shekara guda, misali uwa mai ƙuruciya wadda 'ya'yanta na farko suke hannun mai horarwa na kirki ba su riga sun nuna kansu ba.

Bayan takarda sai tsakar gida. Ana fito da dukushi daga ɗaki a tsayar da shi, mutum ya dube shi ta gefe, ya zagaya ta gaba ya ga ko ƙafafun sun sauko a miƙe daga kafaɗa zuwa kofato, sa'an nan ya ce a tafi da shi a dawo. A wannan 'yar tafiya ake yanke rabin hukunci. Ni ƙasa nake kallo: in kofaton baya ya wuce sawun da na gaba ya bari da tazara mai kyau, kuma ƙugu yana kaɗawa ba tare da an ja ragama ba, to akwai doki a wurin. Mai gonar kuma ya fi duban gwiwa da idon sawu, domin shi ya san abin da mai gyaran kofato zai iya daidaitawa da abin da ba zai gyaru ba har abada. Sanyi da yayyafi ba su hana kowa ba, kuma abin da ya fi wahala shi ne ɓoye sha'awa, tun da duk wanda aka ga ya koma wa dukushi ɗaya sau da yawa, mai shi ya san yana da mai so.

Mun sayi uku. Na farko namiji ne ja, haihuwar Fabrairu, mai faɗin ƙirji da cikar ƙugu, a kan Yuro 28,000. Ubansa gwanin gajeren zango ne wanda 'ya'yansa na farko sai baɗi za su fara tsere, kuma wannan shi ne babban haɗarin da muka ɗauka da saninmu. Ta biyu mace ce haihuwar Afrilu, a kan Yuro 15,000. Yanzu baƙa-baƙa take, amma farin gashin da ke kewaye da idonta ya nuna fara za ta koma. Ubanta tsohon ingarma ne da kasuwa ta daina ɗoki a kansa ko da yake yana ba da masu cin tsere kowace shekara, kuma tana da wa ɗan shekara biyu a wata barga a Ingila wanda bai taɓa fita ba. Na uku ƙaramin namiji ne mai fararen ƙafafu, haihuwar Mayu, kofatonsa na dama na gaba ya ɗan karkata ciki, a kan Yuro 6,000. Mai gonar ne ya so shi, yana cewa ciyawar bazara za ta miƙar da shi. A Ailan mai saye yana biyan la'adar kashi 6 cikin 100 a kan farashin guduma, don haka jimillar ta kama Yuro 51,940. Ba su da sunaye a hukumance, sai wanda zai sa su tsere ne zai raɗa musu, amma a barga muna kiransu Ja, da Toka, da Danda.

2 ga Janairu, 2024

Jiya dukkansu suka zama 'yan shekara ɗaya, domin a arewacin duniya ranar 1 ga Janairu ce ranar haihuwar kowane dokin tsere a hukumance, ko da a watan Mayu aka haife shi. Wannan ƙa'ida ce ta sa haihuwar Fabrairu ta fi ta Mayu daraja, tun da Ja da Danda aji ɗaya za su yi tsere alhali akwai watanni uku na girma a tsakaninsu. An ba su maganin tsutsar ciki, an raba Toka da mazan ta koma cikin 'yan matan mai gonar, kuma takardun shaidarsu daga ofishin Weatherbys, mai riƙe da littafin asalin wannan jinsi tun 1791, sun koma sunan haɗin gwiwarmu.

24 ga Janairu, 2024

Guguwar Isha ta kayar da bishiya a kan shingen filin maza a daren Lahadi. Mun riga mun shigar da su barga tun da yamma, babu wanda ya ji rauni. Kuɗin gyaran shinge na mai gonar ne, bai shiga lissafinmu ba.

30 ga Maris, 2024

Ruwa ya ƙi ɗaukewa tun kaka, filaye sun zama taɓo, kuma ingiricin da muka tanada ya ƙare kafin lokaci, sai da muka ƙara saye da tsada. Danda ya yi ƙurji a cikin kofato saboda laima, mai gyaran kofato ya huda ya fitar da mugunya, ya warke cikin mako. Karkatar kofatonsa ta ragu kaɗan da gyaran da ake yi masa kowane wata, amma mai gyaran ya faɗa mana gaskiya cewa a wannan shekaru ƙashin ya riga ya kafu, abin da za a samu yanzu kwaskwarima ce kawai.

Babban labarin wannan wata shi ne hoton ƙashi. Al'ada ce a ɗauki hoton gaɓoɓin 'yan shekara ɗaya a farkon bazara, domin in akwai abin da ke buƙatar wuƙa a yi shi da wuri, wurin ya warke kafin kaka. Toka da Danda sun fito lafiya. A gwiwar ƙafar baya ta hagu ta Ja kuwa an ga ɗan ɓallin ƙashi da guringuntsi, irin wanda ke samun dukusai masu saurin girma da nauyin jiki. Ba ya ɗingishi, kuma likitar dabbobinmu ta ce yawancin waɗanda aka cire musu irin wannan suna tsere lafiya lau. Matsalar ta kasuwa ce: in muka bar shi, likitan mai saye zai gan shi a hoto ya hana, in muka cire, rahoton aikin zai bi dokin zuwa gwanjo. Na kira Alhaji bayan shan ruwa na karanta masa kuɗin asibiti, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, Malam, a cire, kuma a rubuta a gaya wa duk mai saye, ba ma son dukiyar da aka ɓoye aibi a cikinta. Za a yi aikin a makon farko na Afrilu.

12 ga Mayu, 2024

Aikin Ja ya yi kyau. Ta ƙananan huji biyu aka shiga da na'ura aka ciro ɓallin, ya yi makonni a ɗaure a ɗaki, yanzu ana fita da shi kilisa da hannu. Zaman ɗaki ya sa ya yi zafin kai, har sai da muka rage masa hatsi.

Masu duba dawaki na kamfanonin gwanjo sun zagayo gonaki, kuma su ne ke yanke wane gwanjo kowane doki zai shiga. Wannan hukunci yana da nauyi ƙwarai, domin masu saye sun san matsayin kowace kasuwa, kuma da kasafin da ya dace da ita suke zuwa. Kamfanin gwanjo na Tattersalls sun karɓi Ja a Littafi na 2, wato mataki na biyu na gwanjonsu na Oktoba a Newmarket. Toka ta samu gurbi a gwanjon Satumba na reshensu na Ailan da ke Fairyhouse a gundumar Meath. Danda ba a ba shi komai ba sai gwanjon kaka na Goffs a watan Nuwamba, inda ragowar shekara ke taruwa. Mai gonar ya so mu roƙa wa Toka Newmarket, amma ra'ayina shi ne gara ta yi fice a ƙaramar kasuwa da ta ɓace a cikin babba, kuma Alhaji ya goyi bayan haka.

23 ga Yuni, 2024

An gama makon Royal Ascot, babban taron tsere na Ingila, jiya, kuma uban Ja bai samu ko ɗa ɗaya da ya shiga uku na farko ba. Tun tseren Brocklesby na Doncaster a ƙarshen Maris, wanda ke buɗe kakar 'yan shekara biyu a kan ciyawa a Ingila, muke bin sakamakon 'ya'yansa kowace yamma. Sun ci 'yan tsere ƙanana, amma ga ingarman da aka tallata da cewa zai ba da masu saurin nuna, wannan bai isa ba. Kasuwar nan ba ta da haƙuri da sabon uba. Ingarma Mehmas ya ba da masu cin tsere 56 a zubinsa na farko a 2020, farashin 'ya'yansa ya tashi nan take. Havana Grey ya fara barbara a kan fam 8,000 a 2019, ya sauko zuwa 6,000, bana kuma 55,000 ake biya. Wanda 'ya'yansa suka yi jinkiri kuwa, kafin Agusta dillalai sun ja layi a kan sunansa, kuma ko daga baya ya farfaɗo, waɗanda suka riƙe 'ya'yansa a wannan kaka sun riga sun sha. A ganina wannan gaggawa rashin adalci ce ga dabbobin, domin da yawa sai sun shekara uku suke nuna abin da ke jikinsu, amma ba ni ke sa farashi ba.

28 ga Yuli, 2024

Toka ta shiga shirin gwanjo, wanda ke ɗaukar makonni takwas zuwa goma. Da rana tana ɗaki don kada rana ta ƙone mata gashi, da safe ana tafiya da ita da hannu, ana ƙara tsawon tafiyar kaɗan-kaɗan har ta kai wajen minti arba'in. Ta koyi karɓar linzami, da tsayawa da ƙafafu a buɗe yadda mai kallo zai ga duka huɗun, da juyawa ta dama ba tare da ta taka mai riƙe da ita ba. An gyara mata geza, an sa mata takalma a ƙafafun gaba. Manufar ita ce tsoka ba kitse ba, domin ƙwararren mai saye yana tsarguwa da dokin da ya yi ƙiba, yana zaton an lulluɓe wani abu ne. Gashinta ya fara komawa ruwan toka mai ɗigo-ɗigo, kuma ta yi tsawo fiye da yadda muka zata. Ja zai fara nasa shirin a tsakiyar Agusta, Danda kuma a Satumba.

25 ga Agusta, 2024

Wan Toka, wanda ya ci ƙaramin tsere a watan Yuni, ya lashe tseren matakin Listed a Ingila. Manyan tsere a Turai matakai huɗu ne, rukuni na 1 da na 2 da na 3, sai Listed a ƙasa, amma ko wannan na ƙasan ya isa ya sa sunan doki ya koma baƙin rubutu, ya kuma mai da uwarsa uwar mai baƙi. Ga mace abin ya fi amfani, tun da mai sayenta yana lissafin cewa ko ba ta ci tsere ba, za ta yi daraja a matsayin goɗiyar haihuwa. An riga an buga kundin gwanjo kafin wannan nasara, don haka mun aika wa kamfanin ya ƙara a shafinta na intanet, mun kuma buga kati da za a manna a ƙofar ɗakinta. Babu abin da muka yi da ya jawo wannan. Wani mai horarwa da ba mu taɓa haɗuwa da shi ba ne ya yi aikin.

27 ga Satumba, 2024

An sayar da Toka a Fairyhouse a wannan mako a kan Yuro 68,000.

Kwana biyu kafin ranarta muna nuna ta daga safe zuwa yamma, kuma a nan ne tafiyar safiyar nan ta biya, domin wasu dawakin da ke kusa da mu sun gaji sun fara jan ƙafa ita kuwa tana nan da kuzarinta. Alamar da mai sayarwa ke dubawa ba yawan masu kallo ba ce, yawan likitoci ne. Duk wanda ya biya likita ya zura na'urar leƙa maƙogwaro ta hancin doki don ya ga yadda mashigar iska ke buɗewa, ya kuma duba hotunan ƙashi, to da gaske yake. Likitoci huɗu suka duba ta, sai muka san aƙalla mutum huɗu za su taya. Da daddare muka yi shawara a kan mafi ƙarancin farashin da za mu sallama. Mai gonar ya ce 50,000, ni na ce 34,000, hujjata kuwa ita ce in masu taya suka ji cewa doki yana kasuwa tun da wuri sukan saki jiki su yi ta ƙari, in kuma suka ga mai gwanjo ne kaɗai ke ɗaga farashi sai su janye. Alhaji ya raba gardama a kan 39,000.

A cikin zagayen gwanjo ni ne na riƙe ta, don haka kunnena ne ya bi cinikin ba idona ba. An buɗe da 10,000, aka hau da biyu-biyu, aka ɗan tsaya a 36,000 har na ji zufa a tafin hannuna tana jiƙa igiyar. Mai gwanjo ya tuna musu da nasarar wanta, wani ya ɗaga kundi daga bakin ƙofa, da aka kai 40,000 ya sanar da cewa ta sayarwa ce. Daga nan mutum biyu suka rage, wata dillaliya da ke saya wa wani mai kiwo da kuma wani mai horarwa daga arewacin Ingila, suka yi ta ja har guduma ta sauka a hannun dillaliyar. Duka bai wuce minti biyu ba. Bayan an cire la'adar mai sayarwa ta kashi 1.5 cikin 100, Yuro 66,980 ne namu.

17 ga Oktoba, 2024

Ja ya tafi Newmarket a mota, ta jirgin ruwa daga Dublin zuwa Holyhead, da takardun lafiya da na kwastan waɗanda suka ƙaru tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai. Kamfanin Tattersalls ya kafu tun 1766, kuma har yau da gini yake ciniki. Gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya a tsohon lissafi, wato fam 1.05, mai saye yana biya da gini, mai sayarwa ya karɓa da fam, sulen da ke kai shi ne la'adar kamfani.

Mun iso ana cikin zancen Littafi na 1 na makon jiya, inda kamfanin masu dawakin tsere na Amo Racing suka sayi wata 'yar shahararren ingarma Frankel a kan gini miliyan 4.4. Wannan zafi ya sauko har Littafi na 2, amma a kan waɗanda kasuwa ta zaɓa kawai ya sauka. Ja ya fi yawancin maƙwabtansa kyan jiki da tafiya, kuma masu kallo sun faɗi haka, sai dai da yawa sukan duba sunan uban su yi godiya su wuce. Likitoci biyu suka duba shi. Ɗaya ya wuce da shi, ɗayan ya rubuta wa mai gidansa cewa gwiwar da aka yi wa aiki tana da ɗan ruwa. Masu sayen 'yan shekara ɗaya don su sake sayarwa a gwanjon Afrilu, waɗanda su ne muka sa rai da su tun farko, ba sa taɓa dokin da ke da tarihi a hoto, domin su ma likita za su fuskanta.

Tayi ya tsaya a gini 27,000 daga wani mai horarwa. Muna da zaɓin mu ce albarka mu dawo da shi gida mu horar da shi zuwa Afrilu, amma wannan yana nufin ƙarin watanni shida na kashe kuɗi da jarin da ya kusa ƙarewa, a kan doki mai uban da kasuwa ta juya wa baya, ga shi kuma ba mu da filin sukuwa ko mahayi. Mun riga mun amince tun kafin ya shiga cewa duk abin da ya haura 24,000 a sallama, aka kuwa sallama. Fam 27,000 za su zo mana, kimanin Yuro 32,000.

10 ga Nuwamba, 2024

Danda ya shiga gwanjon kaka na Goffs, babu wanda ya taya abin kirki a cikin zagaye, aka fito da shi ba a sayar ba. A tsakar gida wani mai horarwa daga Italiya ya ba da Yuro 4,500, muka karɓa ta hannun kamfanin. Ya yi girma daidai gwargwado, yana da hankali, kuma ba zan yi mamaki ba in ya ci tsere a can, amma ƙanƙanta da karkataccen kofato da shafi fari fat sun haɗu a kansa.

15 ga Disamba, 2024

Kuɗin ƙarshe ya shigo, tun da kamfanonin sukan biya mai sayarwa ne bayan kimanin makonni biyar, kuma jiya muka zauna da mai gonar, Alhaji yana kan waya, muka rufe littafi. Toka ta ci mana Yuro 27,200 tsakanin saye da riƙo, ta bar ribar 39,780. Ja ya ci 44,580, saboda asibiti da tafiyar Ingila sun kai kuɗin riƙonsa 14,900, ya jawo faɗuwar kimanin 12,500. Danda ya ci 16,460, ya jawo faɗuwar kimanin 12,000. Abin da ya rage riba ce ta kimanin Yuro 15,200 a kan 88,240 da muka kashe.

Lambar da ta fi tsaya mana a rai ita ce ta Danda. Dokin Yuro 6,000 ya yi mana ɓarna kusan daidai da dokin 28,000 da aka yi wa tiyata, domin ingirici da hatsi da mai gyaran kofato da likita ba sa tambayar nawa aka sayo doki, kuma kuɗin riƙo na wajen Yuro 10,000 yana kan kowane kai. Wanda aka saya da arha sai ya ninka farashinsa kusan sau uku kafin ya mai da uwar kuɗi, a kasuwar da masu saye ba sa zuwa da irin wannan kasafi. Mai gonar bai yarda da ni gaba ɗaya ba, yana cewa da an haifi Danda a Maris da labarin ya bambanta, amma ya amince a rubuta sabuwar ƙa'ida cewa ba za a sake sayen dukushi don kawai kuɗi ya yi saura ba. Ta biyu ita ce in za a ɗauki haɗarin uban da ba a gwada ba, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin saye. A kan Ja ya haura rabi.

Na kuma gabatar da batun cewa wannan riba ba ta ƙunshi ladan aikina na safe da yamma ba, kuma in aka lissafa shi a kan abin da ake biyan ma'aikacin barga a nan, kusan rabinta zai tafi. Alhaji ya ce, Malam, wannan haƙƙi ne, a fitar maka da kashi 20 cikin 100 na riba kafin a raba, daga wannan zagaye. Bana ba mu sayi dukusai ba, domin kuɗin Newmarket bai iso ba sai bayan an gama gwanjon Nuwamba, kuma sharaɗin rashin cin bashi yana nan. An bar Yuro 90,000 a asusun haɗin gwiwa, za a raba sauran a wannan mako, kuma mai gonar zai nemo kundin gwanjon Fabrairu na Goffs da zarar ya fito, inda ake samun waɗanda suka shiga shekara ɗaya a Janairu kuma riƙonsu ya fi gajarta da watanni uku.